Bin sawun ɓarnar ƙwaƙwalwa a cikin direban hoto na kwamfuta

0. Gabatarwa

Duk mai aiki da kwamfuta ya taɓa ganin allo ya daskare, ko ya yi baƙi ƙirin, har sai an kashe na'urar an sake tada ta. Sau da yawa tushen wannan matsala yana cikin ƴar manhajar da ke haɗa cibiyar tsarin aiki (noyau) da katin hoto, wadda za mu kira direba (pilote). A cikin wannan ƴar maƙala za mu duba yadda masu gyara suke gano irin wannan kuskure, musamman a tsarin Linux. Abin da muke son nunawa shi ne: wurin da na'ura ta faɗi ba lallai ne ya zama wurin da aka yi ɓarnar ba, kuma mafi yawan dabarun gyara an ƙirƙiro su ne don rage ratar da ke tsakanin wuraren nan biyu.

1. Dalilin da ya sa kuskuren direba yake da nauyi

Manhaja ta yau da kullum tana aiki ne cikin shingenta. Idan ta yi kuskure sai cibiya ta rufe ta, sauran su ci gaba. Shi kuwa direba a Linux yana zaune cikin cibiyar kanta, kuma hannunsa yana kaiwa ga duk ƙwaƙwalwar da cibiya ke amfani da ita. Babu mai tsaro a samansa. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Stanford a 2001 ya nuna cewa yawan kurakurai a direbobin Linux ya ninka na sauran sassan cibiya sau uku zuwa bakwai. Haka nan, takardun Microsoft da suka fito fili a 2008 sun nuna cewa kusan kashi 29 cikin ɗari na faɗuwar Windows Vista da aka ƙirga a wani lokaci na 2007 an danganta su da direbobin Nvidia.

Direban hoto yana da wata wahala ta daban. Katin hoto ba ya jiran umurni ɗaya bayan ɗaya: ana miƙa masa aiki, ya tafi yana yi da kansa, yana karatu da rubutu kai tsaye cikin ƙwaƙwalwa, sai daga baya ya sanar cewa ya gama. Ma'aikata biyu ke nan a fage ɗaya, kowa da saurinsa.

2. Yadda ɓarnar take aukuwa

Galibin cibiyar Linux da harshen C aka rubuta ta, kuma a wannan harshe mai rubutu ne ke da alhakin neman wuri a ƙwaƙwalwa da kuma mayar da shi. Kuskure iri uku suka fi yawa: bin adireshin da ba ya nuna ko'ina, wuce iyakar wurin da aka bayar, da amfani da wuri bayan an riga an sake shi. Na ukun ya fi wuyar ganowa.

Alal misali, wata manhaja ta nemi a zana hoto. Direba ya keɓe wuri, ya miƙa wa kati aikin. Kafin kati ya gama, mai na'ura ya rufe tagar. Idan an yi kuskure wajen ƙirga masu riƙe da wurin, direba zai mayar da shi alhali aiki bai ƙare ba. Cibiya kuwa ba ta barin wuri a banza, sai ta ba wani sashe, a ce mai kula da fayiloli. Da kati ya sanar cewa ya gama, direba ya koma tsohon adireshin ya yi rubutu, sai ya gurɓata kayan wani. Kamar ɗan haya ne da ya tashi bai mayar da mabuɗi ba, ya dawo ya zuba kayansa cikin ɗakin da wani ya riga ya shiga. Na'ura ba za ta faɗi nan take ba. Tana iya yin sa'o'i, sai ta faɗi a sashen fayiloli, rahoton kuma ya ambaci sunan wanda bai ji ba bai gani ba.

3. Matakan bincike

3.1. Ceto rahoto. Idan cibiya ta gamu da babban kuskure tana rubuta rahoto: adireshin da aka taɓa, abin da ke cikin rajistocin na'ura, da jerin ayyukan da suka kira juna har aka kai wurin. Amma mai nuna rubutu a allo shi ne direban da ya mutu. Saboda haka ake tura rahoton ta waya zuwa wata kwamfuta, ko ta hanyar sadarwa da netconsole, ko a ajiye shi da pstore a wurin da ba ya gogewa idan an sake tada na'ura.

3.2. Karanta adireshi. Adireshin da ya yi kusa da sifili, kamar 0x18, yana nuna an bi adireshin wofi, kuma ƴar lambar tana iya bayyana gurbin da aka so karantawa cikin tsarin bayanan. Akwai kuma dabarar sa guba: idan an kunna slub_debug, cibiya tana cika duk wurin da aka saki da lambar 0x6b. Wanda ya ga 6b6b6b6b a rahoto ya san cewa an ɗauko adireshin daga wurin da aka riga aka saki.

3.3. Kama mai laifi a kan aiki. Guba tana faɗin irin laifin, ba ta faɗin mai shi. A nan ne KASAN, wanda ya shiga Linux 4.0 a 2015, ya kawo canji. Yana keɓe kashi ɗaya cikin takwas na ƙwaƙwalwa a matsayin inuwa, inda kowane bait ɗaya ke bayyana halin bait takwas: halal ne a taɓa su ko a'a. Kafin kowane karatu ko rubutu sai an duba inuwar. Wurin da aka saki kuma ana tsare shi na ɗan lokaci, ba a ba kowa. Idan direba ya koma gare shi, nan take ake samun rahoto mai sawu uku: inda aka taɓa wurin, inda aka keɓe shi, da inda aka sake shi. Kwatanta sawun nan uku kan isa a gane wanda ya yi gaggawar saki. Da yake KASAN yana rage saurin na'ura ƙwarai, a 2021 aka ƙara KFENCE cikin Linux 5.12, wanda ke sa ido kan ƴan wurare kaɗan da ya tsinta, ta yadda za a iya barin sa a kunne a na'urorin da mutane ke aiki da su.

Sai dai KASAN yana ganin abin da rubutun cibiya ya yi ne kawai. Rubutun da katin hoto ya yi da kansa ba ya bi ta gabansa. Don wannan ana dogara da IOMMU, wani sashe na na'ura da ke tsakanin kati da ƙwaƙwalwa, wanda ke hana shi taɓa shafin da ba a ba shi ba, ya kuma kai ƙara.

3.4. Raba tarihi biyu. Idan an san tsohon zubin da ke aiki lafiya da sabon da ke faɗuwa, umurnin git bisect yana raba gyare-gyaren da ke tsakaninsu biyu, a gwada, a sake rabawa. Gyara 10,000 gwaji kamar 14 suke bukata. Amma dabarar tana aiki ne idan ana iya maimaita faɗuwar yadda ake so. Kuskuren da ya dogara ga wanda ya riga wani tsakanin kati da direba yakan ɓace da zarar an ƙara layi ɗaya na bincike, domin layin ya canja lokaci. Gwaji ɗaya da aka ɗauka lafiyayye bisa kuskure ya isa ya karkatar da binciken duka.

4. Kammalawa

Mun ga cewa gyaran kansa sau da yawa layi biyu ne ko uku: a ƙara ƙirga mai riƙe da wuri, ko a jira kati ya gama kafin a saki. Wahalar tana wajen komawa daga inda aka faɗi zuwa inda aka yi tuntuɓe. Wannan ne ya sa wasu suka nemi hana kuskuren tun wajen rubutu. Linux 6.1, a watan Disamba na 2022, ya buɗe ƙofa ga harshen Rust, wanda ke ƙin harhaɗa mafi yawan rubutun da zai yi amfani da wuri bayan sakinsa, kuma da shi ne masu aikin Asahi Linux suka rubuta direban hoto na kwamfutocin Apple masu M1. Duk da haka Rust ba ya da iko kan abin da kati ke yi da kansa, kuma manyan direbobi kamar i915 na Intel da amdgpu na AMD da C aka rubuta su. Saboda haka iya karanta rahoto, da haƙurin maimaita gwaji, ba abin da mai gyara zai yi watsi da shi ba ne.