Ibadar Hindu a Finafinan Indiya: Abin da Ake Gani a Funtua da Malumfashi da Ma'anarsa

Taron ibadar mabiya addinin Hindu yakan gudana a ɗakin bauta ko a tsakar gida. Jama'a su cire takalma su zauna a ƙasa, su fuskanci siffar abin bautarsu, a rera waƙoƙin yabo, a zagaya da fitila, a raba abinci, a watse. Ƙidayar Indiya ta 2011 ta nuna mabiya addinin sun kai miliyan 966, kusan kashi 80 cikin ɗari na mutanen ƙasar. A ƙasar Hausa masu wannan ibada baƙi ne ƙalilan, amma Hausawa sun fi shekara sittin suna kallonta a majigi. A Funtua, Malumfashi, Bakori da Ɗanja, matashin da ya wuni a gonar masara ko auduga yakan rufe darensa da fim ɗin Indiya a waya, kuma da wuya fim ya ƙare ba a nuna wata dattijuwa riƙe da faranti mai fitila a gaban gunki ba.

Ginshiƙin ibadar shi ne puja, wato karɓar abin bauta a matsayin babban baƙo. Ana yi wa siffarsa wanka, a tufatar da ita, a rataya mata furanni, a kunna turare, a ajiye mata abinci. Masu yin haka ba su ɗauka cewa dutse ko tagulla suke bauta wa ba. A aƙidarsu, abin bautar yakan zauna a cikin siffar bayan an yi mata bikin keɓewa, kuma da yawa daga malamansu na ganin Vishnu, Shiva da Devi fuskoki ne na haƙiƙa guda da suke kira Brahman. A nan ne darshan ya sami matsayinsa: mutum ya je ya ga abin bautarsa, shi kuma ya gan shi. Saboda haka ake fito da idanun siffofin sosai, saboda haka kuma kyamara ke kai da komo tsakanin idon jaruma da idon gunki. Mai kallo a Malumfashi yana iya zaton salon ɗaukar hoto ne kawai, alhali ita ce ainihin ibadar ake nuna masa.

Fitilar farantin ita ake kira arti. Ana kunna lagwani da man shanu, a jujjuya shi a gaban siffar ana kaɗa ƙararrawa, sannan a bi da shi cikin jama'a, kowa ya ɗora tafukansa a saman harshen wutar ya shafa a fuska da ka don neman albarka. Abincin da aka gabatar yakan dawo wa mahalarta da sunan prasad, a karɓe shi da hannun dama. Zanen goshi yana nuna ɓangaren mutum: na mabiya Vishnu a tsaye yake, na mabiya Shiva layi uku ne na toka a kwance. Carbinsu yana da ƙwaya 108, da shi ake ƙirga maimaita sunan abin bauta. Amma abin da ke tara jama'a shi ne waƙa, bajan da kirtan, inda jagora ke ba da baiti ana yi masa amshi da ganga da tafi, a fara a hankali a yi ta ƙara sauri.

Irin waɗannan taruka sun bunƙasa ne da tafarkin bhakti, ibadar ƙauna, wanda ya yi ƙarfi a ƙasar Tamil ta kudancin Indiya daga wajen ƙarni na 6 zuwa na 9 kafin ya hau arewa. Babban dalilin karɓuwarsa shi ne tsarin ajin haihuwa, wanda ya bar manyan hidimomin addini da harshen Sanskrit a hannun Brahmanawa, ajin malaman addini. Mawaƙan bhakti sun yi waƙa da harsunan gida, suka ce manomi da masaƙi da mace duk suna da hanyar kai tsaye zuwa ga abin bauta. Chaitanya, wanda aka haifa a Bengal a 1486, ya fitar da kirtan kan titi. Tulsidas ya fara tsara labarin Rama da harshen Awadhi a 1574. Har yau dubban ɗaruruwan mutane a jihar Maharashtra, akasarinsu manoma, sukan taka da ƙafa na kimanin mako uku a farkon damina zuwa garin Pandharpur suna waƙa. Buɗe ƙofar bai rushe ajin haihuwa ba, amma ya samar da fili guda da talaka ke ɗaga murya daidai da kowa.

Zamani ya ƙara wa abin girma. Jirgin ƙasa da mota sun mayar da taron ibada na Kumbh Mela abin da ba a taɓa gani ba. Hukumomin Indiya sun ce wanda aka yi a Prayagraj a 2025 ya sami ziyara sama da miliyan 600, kuma turmutsitsin 29 ga Janairu ya kashe aƙalla mutum 30. Majigi ma ya taka rawarsa. Fim ɗin Jai Santoshi Maa na 1975 ya yaɗa bautar wata allahiya da ba a san ta sosai ba a da, kuma lokacin da gidan talabijin na Doordarshan ya nuna Ramayan, wato labarin Rama, a 1987 da 1988, akwai masu rataya wa akwatin talabijin furanni kafin a fara shirin.

Wannan majigin ne ya iso ƙasar Hausa. 'Yan kasuwa Labanawa masu gidajen silima suka fara shigo da finafinan Indiya tun shekarun 1950, suka kuwa sami karɓuwa saboda abin da ke cikinsu ya yi kama da rayuwar gida: kunya, biyayya ga iyaye, auren dole, suturar mata, rigimar talaka da mai kuɗi. Funtua, da ke kan layin dogo na Zariya zuwa Ƙaura Namoda, garin auduga ne da fatauci, abin da ya shigo Kano da Zariya ba ya daɗewa bai iso ta ba. Daga baya kaset ya kai fim cikin gidaje, fassarar Indiya-Hausa irin ta Algaita ta kawar da shingen harshe, tashar Zee World ta zo a 2015, waya kuma ta kai shi har rugage.

Tasirin da ya fi fitowa fili a kan kari ne, wato sautin waƙa. Wani masani, Brian Larkin, ya rubuta yadda masu bege da bandiri a Kano, har da wata ƙungiya mai suna Ushaq'u Indiya, ke ɗaukar karin waƙoƙin fim su ɗora masa yabon Annabi. Finafinan Hausa na bidiyo, waɗanda suka fara da Turmin Danya a 1990, su ma sun ari tsarin waƙa da rawa. Aron kari tsakanin addinai ba sabo ba ne a Indiya kanta: shahararren bajan na fim ɗin Baiju Bawra na 1952, Musulmi uku ne suka yi shi, Shakeel Badayuni ya rubuta, Naushad ya tsara kiɗa, Mohammed Rafi ya rera.

Ma'anar ibadar kuwa ba ta biyo karin ba. Yankin Malumfashi na cikin wuraren da Maguzawa suka daɗe da zama, don haka mai kallo ya riga ya san tsafi da bori, kuma da su yake auna abin da ya gani. Wannan awo yana ba shi rabin labari ne, domin addinin Hindu yana da littattafai irin su Veda da Bhagavad Gita da makarantun falsafa da suka daɗe suna muhawara, kuma da yawa daga mabiyansa ko nama ba sa ci, balle yanka. Damuwar malamai game da shirka tana da tushe, musamman a wuraren da fim ke nuna an roƙi gunki kuma nan take buƙata ta biya, yara na kallo ba mai yi musu bayani. Sai dai abin da ya fi tayar da ƙura a aikace, har bayan kafa Hukumar Tace Finafinai ta Kano a 2001, shi ne rawar maza da mata, ba sauya addini ba.

Inda tarukan Hindu suka kafu a tsakanin 'yan Afirka ta Yamma, malamai da littattafai ne suka kai su. A unguwar Odorkor ta Accra, wani ɗan Ghana, Swami Ghanananda, ya jagoranci gidan ibadar Hindu da aka kafa a 1975, ƙungiyar Hare Krishna da aka assasa a New York a 1966 kuma tana da ɗakunan bauta a Legas da Accra. Kudancin Katsina kuwa, inda Funtua da Malumfashi suke, fim ya samu ba tare da malamin Hindu ba, a cikin al'ummar da makarantar allo, Islamiyya da zawiyoyin ɗariƙu suka riga suka yi wa tarbiyya.