Ƙwayar Halittar Da Ke Mai Da Kifin Teku Guba

A cikin shekarar 1774 jirgin ruwan Kyaftin James Cook na Ingila ya ya da zango a tsibiran da yanzu ake kira Banuwatu, a tekun Fasifik. Ma'aikatan jirgin suka kama kifi suka ci, kafin gari ya waye ciwo ya kayar da su, har da karnukan da aka jefa wa ragowar. Kifin bai ruɓe ba, bai yi wari ba. Sai da aka yi shekara ɗari biyu kafin masana su gano asalin irin wannan cuta, wadda ake kira siguwatera.

Sunan daga ƙasar Kyuba ya fito, inda ake ce wa wani dodon koɗi na teku "sigwa", wanda mutanen can suka ɗora wa laifin tun farko. Amma a cikin 1977 wani masani Bajapane, Takeshi Yasumoto, tare da abokan aikinsa, suka bayyana cewa tushen gubar wata ƙwayar halitta ce dangin gansakuka, wadda suka samo a tsibiran Gambiye da ke ƙarƙashin Faransa. A 1979 aka raɗa mata suna Gambierdiscus toxicus.

Ita wannan halitta ƙwaya ɗaya ce tak, mai siffar faifai, faɗinta bai kai kashi ɗaya bisa goma na milimita ba. Ba ta cika yawo a saman ruwa ba, sai dai ta lafe a jikin ciyawar teku da matattun duwatsun murjani. Tana son ruwa mai ɗumi, wajen digiri 25 zuwa 30, mai cikakken gishiri, wanda igiya ba ta dama shi da yawa. Shi ya sa ba ta jin daɗin bakin kogi inda ruwan daɗi ke shiga teku. Haihuwarta kuwa ta rabuwa biyu ce, kuma ba ta gaggawa, don takan yi kwana biyu, uku ko fiye kafin ta rabu sau ɗaya.

Abin da ke ba ta dama shi ne mutuwar murjani. Idan guguwa, ko zafin ruwa, ko aikin yashe tashar jiragen ruwa ya kashe murjani, sai ciyawa ta rufe wurin, ita kuwa ta sami shimfiɗa. A nan hannun ɗan Adam ya shigo: a tsibirin Hawo cutar ta ɓarke a shekarun 1960, bayan manyan gine-ginen da sojan Faransa suka yi a gaɓar.

Ƙananan kifaye masu kiwon ciyawa su ke fara haɗiye ta, manya kamar barakuda su cinye ƙananan, gubar ta yi ta taruwa, musamman a hanta da kayan ciki da kai. Watau kifin da masunci ya fi murnar kamawa shi ya fi hatsari. Dafuwa ba ta kashe gubar, haka nan suya, ƙyafewa ko ƙanƙara. Kifin kogi da na tafki ba ya cikin wannan lissafi.

Wanda ya ci yakan fara da amai da zawo, sa'an nan leɓe da yatsu su yi ta tsira, jiki ya ɗauki ƙaiƙayi. Alamar da ta fi ba likitoci tabbaci ita ce idan majinyaci ya taɓa ruwan sanyi ya ji kamar wuta. Mutuwa ba ta da yawa, amma wahalar takan kai watanni, takan kuma tashi in an sha barasa ko an ci gyaɗa. Har yanzu babu makarin gubar. An kiyasta mutum dubu 10 zuwa dubu 50 ke kamuwa kowace shekara, akasarinsu mutanen tsibiri waɗanda kifi ne cimarsu.

Da can tekun Karibiyan da Fasifik da tekun Indiya aka sani da ita. A 2004 sai ta ɓulla a tsibiran Kanari na ƙasar Sifen, daura da gaɓar Maroko, inda yanzu hukuma ke gwada waɗansu manyan kifaye kafin ta yarda a kai su kasuwa.