Damana ta kwana casa'in: yadda manoman Mayahi da Tasawa ke tsere da lokaci

Duk wanda ke auna hatsi a kasuwar Maraɗi ko ta Tasawa ya san cewa farashin tiya ba a kasuwa ake yanke shi ba. Ana yanke shi ne a gonakin jigawa na karkara irin ta El Allassane Maïreyrey, da ke gundumar Mayahi daf da ƙasar Tasawa, inda ruwan da ke sauka a yawancin shekaru bai wuce milimita 300 zuwa 500 ba. Kuma ruwan nan a cikin ɗan lokaci yake zuwa. Yakan kankama daga ƙarshen watan Yuni ko cikin Yuli, ya ɗauke wajen tsakiya ko ƙarshen Satumba. Manomi na da kusan kwana 90, wani lokaci ƙasa da haka, don ya shuka, ya yi noman fari da maimai, hatsi ya yi kai, ya yi ido, ya nuna.

Wannan matsala ba ta Sahel kaɗai ba ce. A ƙasashen sanyi kamar Kanada, ƙanƙarar da ke sauka a farkon kaka ce ke rufe wa manomi ƙofa. A farkon ƙarni na 20 alkamar da ake nomawa a filayen yammacin Kanada takan gamu da ita kafin ta nuna, har sai da wani masani mai suna Charles Saunders ya zaɓo wani iri da ake kira Marquis, wanda ke riga tsohon irin nuna da kusan mako guda. Wannan mako guda ya ba da damar noma alkama a wuraren da a da ba ta tsira. A wajenmu fari ne ke rufe ƙofar, amma lissafin ɗaya ne: kwanakin da iri ke bukata kada su fi kwanakin da damana ke bayarwa.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne farkon damana ya fi ƙarshenta rashin tabbas. Wani masani mai suna Sivakumar, wanda ya yi aiki a cibiyar ICRISAT ta Sadore kusa da Yamai, ya bi diddigin ruwan sama na shekaru masu yawa, ya nuna cewa ranar ɗaukewar ruwa ba ta cika motsawa sosai ba, ranar farawa ce ke yawo. Saboda haka idan damana ta makara, galibi ba ta ramawa daga ƙarshe, gajarta take yi. Shi ne kuma ya ba da ma'aunin da masu hasashen yanayi ke amfani da shi: ana cewa damana ta fara idan aka samu milimita 20 cikin kwana 3 a jere, kuma ba a yi fiye da kwana 7 babu ruwa ba a cikin wata gudan da ya biyo baya. Ruwan farko da ya jiƙa ƙasa kaɗan ya tafi, shi ke sa a yi shuka biyu ko uku a shekara ɗaya. Mai binne, wato wanda ya zuba iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwa, yana sayen kwanaki ne da irinsa: in ruwan farko ya yi ƙarfi ya riga kowa, in yayyafi ne iri ya tsiro ya ƙone.

Abu na biyu shi ne hatsi kansa iri-iri ne wajen ƙidayar lokaci. Maiwa tana kallon tsawon yini ne: ko yaushe aka shuka ta, ba ta yin kai sai yini ya fara gajarta wajen ƙarshen damana, shi ya sa take ɗaukar wata huɗu ko fiye. Gero kuwa kwanaki yake ƙirgawa daga ranar shuka. Bayan farin shekarun 1973 da 1984, maiwa ta yi ta ja baya zuwa kudu, gero ya mamaye arewa. A cikin gero ma akwai bambanci. Zango, mai doguwar zangarniya da mutanen jahar Maraɗi suka saba da shi, yana son wata uku cikakku. Irin HKP da cibiyar binciken noma ta ƙasa INRAN ta yaɗa yana nuna cikin kwana 75 zuwa 85. Irin Chakti, wanda aka fitar a Nijar a 2018 bisa aikin ICRISAT da INRAN, yana nuna cikin kusan kwana 65 zuwa 70, kuma yana da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini fiye da geron da aka saba. Wake ma haka: iri kamar TN5-78 da IT90K-372 suna nuna cikin kusan kwana 70 zuwa 75.

To, me ya hana kowa ya koma ga mai saurin nuna? Manoma na da dalilansu. Gonar da ta riga sauran gonaki nuna ita tsuntsaye ke taruwa a kai. Hatsin da ya nuna ana tsaka da ruwa yana iya yin fumfuna kafin a girbe. Chakti gajeren kai gare shi, yana da wuyar ɗaurewa a dami, kuma kararsa ba ta kai ta zango yawa ba, alhali kara abincin dabbobi ce, kuma kuɗi ce a lokacin rani. Ga kuma murzuna, tsutsar da ke cin zangarniya, wadda masanan INRAN na Maraɗi ke yaƙa ta hanyar sakin wani ɗan ƙwaro da ke kashe ta. Shi ya sa manoma da yawa ke raba ƙafa: wani yanki mai saurin nuna don a samu tumu da abin sakawa a baki tun cikin Satumba, wani yanki irin gado don rumbu da kara, wake kuma a tsakani.

Iri kaɗai ba ya isa, domin shukar da ta sha wuya a makonnin farko takan makara. A jigawa, iskar da ke zuwa gaban hadari tana kwaso rairayi ta yanke ko ta binne ƙananan tsirai. Nan itatuwa ke amfani. Tun daga 1983, lokacin da Tony Rinaudo ya fara aiki da manoman jahar Maraɗi kan barin tohon kututture ya girma maimakon a sare shi wajen sassabe, an ƙiyasta cewa dabarar ta bazu a kan hekta miliyan 5 a Nijar. Gawo ya fi kowane itace dacewa, don yana zubar da ganye da damana, ba ya yi wa hatsi inuwa, kuma yana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Sai kuma takin zamani ɗan kaɗan a ramin shuka: giram 2 na DAP ko giram 6 na NPK 15-15-15 a kowane rami. A gonar da ke da rami 10,000 a hekta, wannan ya kama kilo 20 na DAP ko kilo 60 na NPK. Yana sa saiwa ta kama da wuri, musamman in an haɗa da takin gida.

Ga mazaunin gari da ke da gona a ƙauye, ko mai aika wa ƴan uwa kuɗin iri, lokacin aikawa na da muhimmanci kamar yawan kuɗin. Cibiyar AGRHYMET ta Yamai da hukumar yanayi ta ƙasa suna fitar da hasashen damana tun kafin ruwan farko, gidajen rediyo kuma suna yaɗa shi. Iri da taki su isa gida a watan Mayu, a kuma keɓe wani kaso na mai saurin nuna a ajiye. Idan Yuli ya raba ba a samu shukar da ta kama ba, zango ba zai kai ba. A irin wannan shekara, ɗan buhun geron kwana 70 da wake shi ke sa a samu abin kai wa rumbu.