CIWON DAJIN NONO: DARASI DAGA MATAN ASIYA, KAKA DA 'YA DA JIKA

Ciwon dajin nono, wanda wasu ke kira sankarar mama, shi ne dajin da ya fi kama mata a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 an same shi a jikin mata miliyan 2.3, ya kuwa kashe kimanin 670,000. A Nijeriya ma shi ne kan gaba cikin dajin da ke damun mata. Mutane da yawa sun ɗauka ciwon nan gado ne tsantsa, watau idan ba a taɓa yinsa a dangi ba, to mace ta tsira. Abin da likitoci suka gano game da matan Asiya da zuriyarsu ya nuna wannan zato kuskure ne mai haɗari.

Ƙaura Zuwa Amurka

Tun daga shekarar 1885 mutanen Japan suka riƙa ƙaura da yawa zuwa tsibiran Hawai, a tsakiyar tekun Fasifik, domin aikin ƙodago a gonakin rake. Wasu suka zarce Kalifoniya, a yammacin Amurka. Mutanen Sin da na Filifin su ma sun yi irin wannan ƙaura. Da yawansu suka ci gaba da auratayya a tsakaninsu, saboda haka jininsu bai gauraya ba, sai dai abinci da aiki da zaman iyali suka sake.

A da, dajin nono ya ninka sau 4 zuwa 7 a Amurka bisa yadda yake a Japan da Sin. Da a ce jini ne kaɗai sanadi, da zuriyar baƙin nan sun ci gaba da zama cikin sauƙin da kakanninsu suke ciki. Ba haka aka gani ba.

A shekarar 1993 Dokta Regina Ziegler ta Cibiyar Binciken Daji ta Amurka, tare da abokan aikinta, suka bayyana sakamakon wani bincike da suka yi a San Faransisko da Los Anjalas da Hawai. Sun gwama mata 597 'yan asalin Sin da Japan da Filifin, waɗanda aka samu da ciwon tsakanin 1983 da 1987, da wasu mata 966 masu lafiya. Ga abin da suka samu:

1. Matan da aka haifa a Yamma, haɗarinsu ya ɗara na waɗanda aka haifa a Asiya da kashi 60 cikin 100.

2. Cikin haifaffun Asiya, waɗanda suka shekara goma ko fiye a Yamma sun ɗara sababbin zuwa da kashi 80 cikin 100.

3. Waɗanda suka taso a birni a Asiya, haɗarinsu ya ɗara na 'yan ƙauye da kashi 30 cikin 100.

4. Cikin haifaffun Yamma, waɗanda kakanninsu uku ko huɗu su ma a can aka haife su sun ɗara waɗanda kakanninsu duka haifaffun Asiya ne da kashi 50 cikin 100.

Tsakanin waɗanda suka fi kowa sauƙi da waɗanda suka fi kowa haɗari, bambancin ya kai ninki shida. Watau ciwon ya riƙa hawa mataki mataki, daga kaka zuwa 'ya, daga 'ya zuwa jika.

Me Ya Sake?

Jikin mace yana yin wani sinadari da likitoci ke kira istirojin. A kowane zagaye na haila, sinadarin nan yana sa ƙwayoyin naman nono su hayayyafa. Gwargwadon yawan hailar da mace ta yi a rayuwarta, gwargwadon yawan hayayyafar ke nan, kuma cikin wannan hayayyafa ne wata ƙwaya kan lalace ta zama daji.

Kakar da ta taso a ƙauyen Asiya takan makara wajen fara haila, ta haihu da wuri, ta haifi 'ya'ya da yawa, ta daɗe tana shayarwa, ga kuma aikin gona. Jikarta kuwa ta sami abinci mai maiƙo tun tana ƙarama, ta fara haila da wuri, ta jinkirta haihuwar fari, ta haifi ɗaya ko biyu, ta yaye da sauri, aikinta kuma na zaune ne.

Masana sun auna nauyin waɗannan abubuwa. A shekarar 2002 aka haɗa sakamakon bincike 47 daga ƙasashe 30, aka ga kowace haihuwa tana rage haɗarin da kashi 7 cikin 100, kowane wata 12 na shayarwa kuma yana rage shi da kashi 4.3 cikin 100. A 2012 aka tabbatar cewa duk shekara ɗaya da yarinya ta riga sa'o'inta fara haila, haɗarinta yana ƙaruwa da kimanin kashi 5 cikin 100. Daɗin daɗawa, ƙiba bayan ɗaukewar haila, da shan barasa, da rashin motsa jiki, duk suna ƙara shi.

Yadda Ake Ciki a Asiya Kanta

Abin da ya sami masu ƙaura ya iske waɗanda suka zauna a gida. A 1947 macen Japan takan haifi 'ya'ya sama da 4 bisa matsakaicin lissafi, amma a 2020 adadin ya sauka zuwa 1.3. A Koriya ta Kudu ya sauka daga kimanin 6 a 1960 zuwa ƙasa da 1 tun daga 2018. Ƙasar Sin kuwa ta yi dokar haihuwar ɗa ɗaya, wadda aka sanar da soke ta a 2015. A duk ƙasashen nan dajin nono ya ƙaru ƙwarai. A Japan shi ne dajin da ya fi kama mata, har an ƙiyasta zai sami mace 1 cikin 9 a tsawon rayuwarta. Tsawon rai da yawan gwaji sun sa ana ƙara gano shi, amma sakewar rayuwa tana da babban rabo a ciki.

Abin Lura ga Matan Nijeriya

Gado yana da nasa wuri, amma kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai na masu ciwon suka gaji lalatattun ƙwayoyin halitta irin su BRCA1 da BRCA2. Kusan rabin masu ciwon kuwa ba a samu wani dalili tare da su ba face kasancewarsu mata da suka haura shekara 40. Jama'ar Nijeriya suna ta komawa birane, abinci da aiki suna sakewa, kamar yadda aka yi a Asiya. Saboda haka lafiyar kaka ba ta isa ta zama lamuni ga jika ba.

Ilmin 'ya'ya mata da wadatar abinci alheri ne, ba wanda zai ce a bar su. Abin da ake bukata shi ne kula da abin da ke hannun kowa: shayar da jariri nono zalla wata 6 da ci gaba har shekara 2, motsa jiki, guje wa ƙiba da barasa.

Lalle ne kowace mace ta san yadda nononta yake, ta riƙa duba shi bayan kowace haila. Idan ta ji kullutu a nono ko a hammata, ko ta ga kan nono ya shige ciki, ko jini yana fita daga gare shi, ko fata ta motse kamar ɓawon lemo, sai ta tafi asibiti ba tare da jinkiri ba, ko da ba ta jin zafi. Yawancin kullutu ba daji ba ne, amma likita ne kaɗai zai iya tantancewa. Wadda aka yi ciwon ga mahaifiyarta ko 'yar'uwarta, ta shaida wa likita tun da wuri.

Mata da yawa a ƙasar nan ba su zuwa asibiti sai ciwon ya ci jiki, bayan an ɓata watanni wajen tsaga da shafe-shafe. Dajin da aka kama da wuri yana jin magani, mai shi kuma takan warke ta ci gaba da renon 'ya'yanta. Wajibi ne magidanta su ba da izni da kuɗin mota, su kuma raka iyalinsu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.