Daga Mayen Ƙarfen Yaran Daura Zuwa Sarƙar Zarra

Wanda ya tashi a Daura ya san yaron da ke ɓalle mayen ƙarfe daga tsohuwar lasifika, ya ɗaura masa zare, ya ja shi cikin yashi har baƙin garin ƙarfe ya yi masa gashi. Ƙarfin nan daga cikin zarra yake fitowa: kowane ilektoron tamkar 'yar allurar gano alƙibla ce, halin da masana ke kira sifin.

A wasu ma'adanai, allurorin nan kan jeru sahu guda kamar mahaya ranar Hawan Magajiya, kowa yana lura da na gefensa. Ernst Ising ya wallafa lissafin irin wannan sarƙa a 1925, Hans Bethe ya warware wadda ta fi ta wuya a 1931. Sai dai misalin dawakin bai kai ƙarshe ba. Doki, ko an dube shi ko ba a duba ba, akwai inda ya fuskanta. Allura biyu kuwa in suka sarƙe, babu mai alƙiblar kanta sai an auna. Alaƙar da ke tsakaninsu ce kaɗai tabbatacciya. A kan gwajin wannan sarƙewa aka ba da kyautar Nobel ta 2022.

To yaya ake auna abin da ido ba ya gani? A sanyaya ma'adanin har kusan digiri 273 ƙasa da sifili, a sa shi cikin maganaɗisu mai ƙarfi, a harbe shi da niyutiron. Inda niyutiron ya karkata da ƙarfin da ya zubar, su ke ba da labarin sahun. Haka Radu Coldea na Jami'ar Oxford da abokan aikinsa suka yi a 2010 da wani ma'adanin kobalt. Da maganaɗisun ya kusa tesla 5.5, sarƙar ta yi amo kamar tsirkiyar gurmi, muryoyinta biyu na ƙasa suna da nisan ninki 1.618, daidai da hasashen Alexander Zamolodchikov na 1989.

Ba mu da injin niyutiron a Daura, amma lissafin ba ya jiran sa, kuma wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Sarƙa mai allura goma yanayi 1,024 gare ta, kuma ɗalibin Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Daura zai iya warware ta da ƙaramar kwamfutarsa, ya ƙara maganaɗisun da kansa, ya ga inda sarƙewar ta tsinke.