KOWANE NAMA DA IRIN WUTARSA: YADDA AKE DAFA SASSAN NAMAN SA A GIDA



Maigida, ka sha sayo nama da tsada, a kawo maka abinci, ka ja da haƙori ya ƙi, ka ja da hannu ya ƙi. Kai ka ce uwargida ba ta iya girki ba, ita ta ce mahauci ya cuce ka. Tsohon da ke gidan kuwa sai ya tsotse ya ajiye, don haƙoran sun tafi. To sau da yawa ba laifin kowa ba ne. An dai haɗa nama da wutar da ba tasa ba.

*Ƙa'ida guda ɗaya*

Riƙe wannan, sauran duk bayani ne. Sashen da ya sha aiki a jikin sa, kamar wuya da karfata da ƙafa da wutsiya, cike yake da jijiya. Shi ruwa yake so, da wuta kaɗan-kaɗan, da haƙuri. In ya daɗe yana ɓararraka a hankali, jijiyar nan ita ke narkewa ta zama romo mai danƙo, naman ya yi luguf. Sashen da bai sha aiki ba, kamar tsokar gadon baya, jijiyarsa kaɗan ce. Shi wuta mai ƙarfi yake so na ɗan lokaci. In ka bar shi ya daɗe, ruwan jikinsa zai tsiyaye, ya bushe ya koma kamar igiya.

Ka kuma tuna shanunmu, Bunaji ne ko Rahaji ko Gudali, mafi yawansu a ƙafa suke yini suna kiwo. Namansu ya fi na san da aka turke aka yi wa kiwon gida tauri da ƙarancin kitse. Don haka in ka je wurin mahauci, daina cewa kawai a ba ka na dubu kaza. Gaya masa abin da za a dafa, shi ya san inda zai sa wuƙa.

*Gadon baya*

Nan ne tsoka mafi laushi. Ita ta dace da tsire da gashi da suya ta gaggawa. A yanka ta falle-falle, kuma a gicciye, kada a bi tsawon zaren naman, don in zaren ya gajarta tauna ta yi sauƙi. Kasko ya yi zafi sosai kafin a zuba, kuma kada a cika shi, in ba haka ba naman zai fitar da ruwa ya koma dahuwa. Mintuna kaɗan sun isa. Zuba wannan tsoka a miyar da za ta yi awa biyu kan wuta asarar kuɗi ce.

*Cinya*

Tsoka ce zalla, kitse kaɗan, kuma ta ɗan fi gadon baya tauri. Ita ce ta dambun nama da kilishi da soye. In dambu za a yi, uwargida, ki dafa da albasa da citta da tafarnuwa har ruwan ya tsotse a jikinsa, ki daka, ki soya a hankali har ya bushe ƙayau. Dambun da aka sauke da sauran danshi shi ke yin funfuna cikin 'yan kwanaki.

*Wuya, karfata, ƙirji da haƙarƙari*

Waɗannan su ne naman miya, ko kuka ko taushe ko miyar dage-dage. Suna da jijiya da ɗan kitse da ƙashi, su ke ba miya garɗi. In tukunya ta tafasa, a kwashe kumfar da ta taso, a rage wuta, a rufe. Awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Tafasa mai ƙarfi ba ta sa nama saurin nuna, itace kawai take cinyewa.

*Tozo*

Kowa na son tozo, saboda kitsen ya ratsa cikin tsokar. A fara sulala shi sannan a gasa a hankali. Amma mai hawan jini da mai ƙiba da mai ciwon zuciya, ka ɗanɗana ka tsame hannu.

*Wutsiya, ƙafa da kai*

Nan ake gwada haƙuri. Wutsiya kamar awa uku, ƙafar sa awa uku zuwa huɗu. Mai tukunyar firesha zai rage wannan lokaci da fiye da rabi. Farfesunsu ya dace da tsofaffi da mai jego da wanda ya tashi daga ciwo, don yana shiga ba wahalar tauna. In romon ya huce za ka ga kitse ya daskare a sama, a kwashe shi kafin a ɗumama. Harshe kuma a dafa shi awa biyu zuwa uku, a saɓule fatar tun yana da ɗumi.

Wani gargaɗi a kan babbaka: kai ko ƙafa ko gandar da aka babbake da tsohuwar taya ko roba, ka guje su. Hayaƙin yana barin guba a jikin fatar, wanki ba ya fitar da ita duka. Shinshina kafin ka biya.

*Kayan ciki*

Kuskuren da aka fi yi shi ne a juye su duka a tukunya ɗaya lokaci ɗaya. Tumbi da hanji suna son wanki sosai da gishiri da lemun tsami, sannan dahuwar kusan awa biyu. Hanta da ƙoda kuwa 'yan mintuna ne, da zarar tsakiyarsu ta daina nuna jini a sauke. In suka wuce haka, hanta ta yi tauri ta yi ɗaci. Don haka a farfesu, tumbi ya riga shiga, hanta ta zo ƙarshe.

Hanta tana da sinadarin ƙarfe mai yawa, tana taimakon mai ƙarancin jini. Amma mai juna biyu kada ta yawaita cinta, domin bitamin A da ke cikinta in ya yi yawa yana iya cutar da ɗan tayi. Mai ciwon gaɓoɓi irin wanda ke kumbura babban ɗan yatsan ƙafa, wanda likitoci ke kira gawut, shi ma kayan ciki suna tayar masa da ciwo.

*In nama ya yi gardama*

Wasu kan jefa kanwa. Tana laushi da nama, gaskiya ne, amma tana ɓata ɗanɗano, in ta yi yawa ta ɓata ciki, kuma ba ta dace da mai hawan jini ba. Ga abin da ya fi: a goga ɗanyar gwanda a cuɗa naman da ita na rabin awa, ko a naɗe shi cikin ganyen gwanda da aka murza. Akwai sinadari a cikinta mai sassauta zaren nama. Kada dai ya daɗe, sai ya dagargaje. Ɗanyar citta ma tana ɗan yin wannan aiki. Haka nan naman da aka yanka yau, bayan 'yan awoyi yakan sandare. In akwai firji mai sanyi a bar shi ya kwana, gobe ya fi laushi.

*Abin da magabata suka faɗa*

Naman sa halal ne, kuma ya inganta cewa Annabi (SAW) ya yanka saniya a madadin matansa a hajjinsa. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan Hijira, ya ambata a Zadul Ma'ad cewa naman sa yana da nauyin narkewa, kuma ana rage nauyinsa da masoro da tafarnuwa da kirfa da citta. Ka ga kayan yajin da iyayenmu mata ke dakawa a farfesu ba ƙamshi kawai suke bayarwa ba.

*Kiyaye lafiya*

1. Nama ya nuna har ciki. Ɗanyen naman sa ne ke kawo tsila. In ka ga wasu fararen ƙwayoyi kamar shinkafa a cikin tsoka, musamman zuciya da harshe da kumatu, kada ka saya.
2. Niƙaƙƙen nama kada a bar ja ko kaɗan a tsakiyarsa.
3. Wuƙa da katakon da aka yanka ɗanyen nama a wanke su da sabulu kafin a taɓa latas ko tumatirin da za a ci ɗanye.
4. Dafaffen nama kada ya wuce awa biyu a ajiye a waje. In za a ɗumama, sai ya tafasa.
5. In wuta ta ɗauke, naman firji ya narke har ya yi ɗumi ko ya canza wari, tausayin kuɗin kada ya kai ka asibiti.
6. Naman dabbar da ciwo ya kayar aka yi gaggawar yankawa, arharsa tarko ce.
7. Masu binciken ciwon daji suna ba da shawarar kada jan nama dafaffe ya wuce kusan rabin kilo a mako ga mutum ɗaya.

A ƙarshe, uwargida, in kin ɗora farfesu ki ƙara ruwa. Annabi (SAW) ya yi wa Abu Zarri wasiyya da yawaita romo don a tuna da maƙwabta, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim. A wannan tsadar, akwai gidan da ƙamshin tukunyarki kaɗai ke shiga. Ko ludayi biyu ne, a miƙa.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya sa albarka a abin da muke ci. Ka tura wa ɗan'uwanka.