Tsakanin Wudil Da Dutse: Wa Zai Kai Wa Malamin Ajingi Karatu?

A damunar da ta gabata na kai ziyara Ajingi wurin wani ɗan kawuna, malamin firamare, wanda ya daɗe yana riƙe da takardar NCE, kuma babu abin da yake buri kamar ya ga ya yi digiri. Ya taɓa gwada karatun ƙarshen mako a wata makaranta a birni, amma kuɗin mota da hidimar gona da jinyar mahaifiyarsa suka taru suka kayar da shi bayan shekara biyu. Da ya nemi komawa wata makarantar da ta fi kusa, sai aka ce masa sai dai ya faro daga tushe, wai ba su san da zaman darussan da ya ci a can ba.

Abin takaicin, mai karatu, shi ne ƙasar Gaya da Ajingi tana zaune ne tsakanin jami'o'i biyu. Ta yamma ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Wudil, wadda ta fara aiki a 2001, aka kuma sauya mata suna zuwa na Aliko Ɗangote a 2022. Ta gabas ga Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011. Wannan shi ne ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Alal haƙiƙa karatu daga nesa ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tun 1976 aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa a Kaduna, ga kuma Buɗaɗɗiyar Jami'a da aka kafa a 1983, soja suka dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a 2002. Jami'ar Ahmadu Bello ma tana da tata cibiyar. Sai dai kowace ta ja tunga, tana gashin kanta.

Abin da nake hange ba wani gagarumin gini ba ne. Ɗaki biyu sun isa a wata sakandare a Gaya, da wutar sola da 'yan kwamfutoci. Wudil ta kawo lissafi da kimiyya, Jami'ar Bayero ta kawo darussan koyarwa, Dutse ta kawo abin da ta fi ƙwarewa a kai. Da yake intanet ba ta da tabbas a ƙauyukanmu, a naɗi darasin a zuba wa ɗalibi a wayarsa, ya saurara ko da a bakin gona ne, ranar Asabar a haɗu a yi bita. Amma duk wannan aikin banza ne matuƙar makarantun ba su amince da makin juna ba.

To, a nan gizo ke saƙar. Wa zai sa hannu a takardar shaidar? Yaya za a raba kuɗin makaranta? Wa zai tsare jarrabawa kada ta zama kasuwar satar amsa? Wani malamin jami'a ya faɗa mini ƙarara cewa yana tsoron a zubar wa digiri mutunci, kuma ban ga laifinsa ba. Sai dai waɗannan tambayoyi ba gwamna ne zai amsa su ba. Majalisun malaman jami'o'in ne za su tattauna, su kai wa Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa matsaya guda. Rufe makarantu saboda annobar Korona a 2020 ya isa ya sa a buɗe wannan zance a kowace tsangaya.

Don haka nake kira ga ƙungiyoyin ɗalibai 'yan asalin Gaya da Ajingi da ke waɗannan jami'o'i da su shirya muhawara a harabobinsu, su gayyaci shugabannin sassa da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomin biyu. In sun tashi, su ware kujera ga malamin firamare irin ɗan kawuna, wanda har yanzu takardun sakamakonsa na shekara biyu suna nan a ƙasan akwati.